Alamomin jini na gano sankarar hanji da kumburin hanji

Alamomin jini wasu sinadarai ne da ake aunawa a cikin jinin mutum domin samun haske a kan halin da hanjinsa yake ciki. Likitoci suna amfani da su wajen binciken sankarar babban hanji da kuma cututtukan kumburin hanji masu daɗewa, wato cutar Crohn da gyambon babban hanji. Babu ɗaya daga cikinsu da take tabbatar da cutar ita kaɗai. Tabbaci yana zuwa ne bayan an leƙa hanjin da na'urar kolonoskofi, an gutsuro ɗan nama an duba shi a ɗakin gwaji.

CEA

CEA ita ce alamar da ta fi shahara. Phil Gold da Samuel Freedman ne suka gano ta a shekarar 1965 a Jami'ar McGill da ke Kanada. Furotin ne da hanjin ɗan tayi yake samarwa, wanda yake raguwa sosai bayan haihuwa, sannan ya kan sake ƙaruwa idan sankara ta kama hanji. Galibin ɗakunan gwaji suna ɗaukar ƙasa da nanogiram 5 a kowace mililita a matsayin daidai.

Sai dai CEA ba ta da amfani wajen tantance mutanen da ba su da alamun ciwo. Da yawa daga masu sankarar da ba ta yi nisa ba sakamakonsu yakan fito daidai, alhali shan taba da ciwon hanta suna iya ɗaga ta ba tare da sankara ba. Inda ta fi amfani shi ne bayan tiyata: idan ta sauka sannan ta sake hawa, likita zai yi zargin ciwon ya dawo.

Alamomin kumburi

CRP furotin ne da hanta take fitarwa cikin 'yan sa'o'i bayan kumburi ya fara a ko'ina cikin jiki. William Tillett da Thomas Francis suka gano shi a birnin New York a 1930. Ana haɗa shi da gwajin ESR, mai auna saurin kwanciyar jajayen ƙwayoyin jini cikin sa'a ɗaya, domin a ga ko cutar ta tashi ko magani yana aiki. Akwai kuma ASCA da pANCA, waɗanda kan ɗan taimaka wajen bambance cutar Crohn da gyambon babban hanji.

Sababbin gwaje-gwaje

Waɗannan suna neman ɓurɓushin ƙwayoyin halittar sankara da ke yawo a jini. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Epi proColon a 2016, da Shield a Yulin 2024. A babban binciken da aka yi a kan Shield, ya gano kashi 83 cikin 100 na masu sankara, amma kashi 13 kacal na tsiron da ke gab da zama sankara, wanda kuwa shi ne aka fi so a cire da wuri.

Halin da ake ciki a kudancin Katsina

A garuruwan manoma irin su Tsiga, a ƙaramar hukumar Bakori, gwajin da ya fi kusa da marar lafiya shi ne na yawan jini, wanda aka fi sani da PCV. Yana da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka, domin sankarar da ke ɓangaren dama na babban hanji takan yi ta tsiyayar da jini a ɓoye har mutum ya yi fari fat.

Matsalar ita ce yankin yana da wasu cututtukan masu ba da irin wannan sakamako. Zazzaɓin cizon sauro da taifot suna ɗaga CRP. Tsutsar ciki mai shan jini, wadda take shiga ta ƙafar mai noma ba takalmi, tana jawo ƙarancin jini. Atini yana kawo bahaya da jini da majina, tarin fuka na hanji kuma yana kama da cutar Crohn ƙwarai, har a idon ƙwararru. Bambance su ya zama dole, domin maganin Crohn yana rage garkuwar jiki, kuma yana iya tsananta tarin fuka.

Ga kuma al'adar kiran duk wani jini ta dubura da sunan basir, a shafe watanni ana shan jiƙo. Rahotannin asibitocin koyarwa na Najeriya sun nuna mafi yawan masu sankarar hanji suna zuwa ne bayan ciwon ya yi nisa, kuma da dama ba su kai shekarun da aka saba gani a Turai ba. Saboda haka baligin da ke da ƙarancin jini ba dalili, ko rama, ko canjin bahaya na makonni, ana so a tura shi daga asibitin Funtua ko Malumfashi zuwa babbar cibiya, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, ko na Aminu Kano, ko da CEA ɗinsa ta fito daidai.