Hasken da Ke Makantarwa: Tarihin Fitilar Mota da Haƙƙin Idon Mai Tahowa

Kawuna ya shekara talatin da ɗoriya yana jan motar haya tsakanin Kano da Kaduna, kuma akasarin tafiyarsa ta dare ce. Shekara biyu da suka wuce ya daina fita bayan magariba. Da na tambaye shi dalili, na zaci zai ambaci ramukan hanya ko 'yan fashi, sai ya ce da ni: "Ɗana, a zamaninmu duhu muke tsoro. Yanzu kuwa haske ne ya kore ni daga titi." Ya ce akwai wata irin farar fitila mai shuɗi-shuɗi da idan ta doki gilashinsa, sai hanya ta ɓace masa ɗungurungum, ya riƙe sitiyari yana ambaton Allah har mai ita ya wuce. Wannan magana ce ta sa na bi sawun fitilar mota zuwa asalinta, inda na tarar da cewa kukan kawuna ya girme shi, ya ma girmi mahaifinsa.

Motocin farko da suka fito a Turai da Amurka a ƙarshen ƙarni na 19 sun gaji fitilar keken doki ne, wato fitilar mai, wadda ba ta fi tamu ta ƙwai da komai ba. Amfaninta shi ne a hango mota, domin ba ta isa ta haska wa direba hanya ba. Daga baya aka koma wa iskar asitilin, wadda ake samu idan aka ɗiga ruwa a kan kabayid, wannan dutse mai wari da masu walda ke amfani da shi har yau. Harshen wutarta fari ne, kuma iska ko ruwan sama ba sa saurin kashe shi. Sai dai kafin direba ya tashi, dole ya sauko ya buɗe murfi ya ƙyasta ashana. Fitilar lantarki ta fara bayyana a 1898 a jikin motar Columbia da ake ƙerawa a Hartford ta Amurka, amma ƙwanta ba ya jure girgiza. Sai a 1912, lokacin da kamfanin Cadillac ya haɗa tayar da inji da kunna fitila a tsarin lantarki guda, sannan fitilar mota ta kama hanyar zama yadda muka san ta.

Tun daga ranar da fitila ta yi ƙarfin haska hanya, ta yi ƙarfin kashe ido. A ganina wannan shi ne ginshiƙin tarihin baki ɗaya. Direba yana son ya hango nesa, mai tahowa kuma yana son a bar masa idonsa, alhali dukkansu mutum ɗaya ne, domin kowane direba mai tahowa ne a wurin wani. A 1915 kamfanin Guide Lamp ya fito da fitilar da za a iya sunkuyar da ita, sai dai abin dariya shi ne dole direba ya tsaya ya fita ya sunkuyar da hannunsa. A 1917 Cadillac ya sanya maɗauri a cikin mota domin yin hakan daga zaune. A tsakiyar shekarun 1920 kamfanin Osram na Jamus ya fito da ƙwan Bilux mai siraran wayoyi biyu a ciki, ɗaya na jefa haske nesa, ɗaya na kwantar da shi a ƙasa. Daga nan aka sami abin da direbobinmu ke kira ful da dim, aka kuma sami wata ladabta da babu ita a zamanin doki da jaki: idan ka hango ɗan'uwanka, ka rage masa wuta.

Ƙasashe sun bi hanyoyi mabambanta wajen mayar da wannan ladabi doka. Faransa ta yanke a 1936 cewa fitilun motocinta su zama rawaya, bisa hujjar cewa rawayan haske bai kai fari damun ido ba, kuma ta tsaya a kan haka har 1993. Amurka kuwa a 1940 ta wajabta wata fitila mai siffar kwano, faɗinta inci 7, wadda aka narke gilashinta da madubinta da wayarta suka zama abu guda rufaffe. Idan ta mutu, sai a cire ta gaba ɗaya a sa irinta. Masu zanen mota sun daɗe suna ƙorafin cewa dokar ta daskarar da fasaha, domin an shafe fiye da shekara arba'in kafin a sassauta ta a 1983. Ƙorafinsu yana da gaskiya. Amma akwai wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: muddin fitila a rufe take, babu wanda zai iya zira mata ƙwan da ba nata ba.

Wanda ya fi kowa zurfin tunani a kan wannan matsala, a ra'ayina, shi ne Edwin Land, mutumin da ya kafa kamfanin Polaroid a 1937. Duniya ta san shi da kyamarar da ke fitar da hoto nan take, amma abin da ya fara cin ransa shi ne ƙyallin fitilar mota. Ya ƙirƙiro wata leda mai tace haske, wadda ke barin hasken da ke kaɗawa ta fuska ɗaya ya wuce, ta tare sauran. Dabararsa ita ce a liƙa ledar a kan kowace fitila da kowane gilashin gaba, a karkace ta gefe guda. Idan motoci biyu suka fuskanci juna, karkatar ɗaya za ta gitta ta ɗayar, sai kowane direba ya ga hanyar da fitilarsa ta haska sarai, fitilar mai tahowa kuma ta zame masa kamar garwashin da ya kusa mutuwa. An gwada, abin ya yi aiki. Amma ledar tana shanye fiye da rabin hasken, saboda haka sai an ƙara wa fitilu ƙarfi, wanda duk ba shi da ledar a gilashinsa kuwa, da mai tafiya a ƙasa, da mai keke, sun shiga uku. Dabarar ba ta da amfani sai kowa ya karɓe ta a lokaci guda, kuma babu kamfanin da ya yarda ya fara. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu ƙera motoci na Amurka suka ajiye maganar. Na daɗe ina juya wannan labari a raina, domin ya nuna cewa ilimin magance ƙyalli ya samu tun kakanninmu na samari, yardar jama'a ce ta gagara.

Turawan nahiyar Turai sun bi wata hanya mai sauƙi, wadda ke jikin motoci da yawa da ke titunanmu. A shekarun 1950 suka tsara gajeriyar wuta mai iyaka. Duk wanda ya taɓa tsayar da mota a gaban katanga da dare ya ga abin: haske a ƙasa, duhu a sama, tsakaninsu layi kamar an ja da wuƙa. Layin a kwance yake ta ɓangaren mai tahowa, sannan ya ɗaga sama ta ɓangaren gefen hanya, domin direba ya hango allo da mai tafiya a ƙasa ba tare da ya tsone wa kowa ido ba. Ana kuma sunkuyar da shi kaɗan, kimanin kashi ɗaya cikin ɗari, wato santimita 10 a kowace tazarar mita 10. Motoci da yawa suna ɗauke da wannan adadi a rubuce a jikin fitilarsu, ga mai son dubawa.

A nan ne tarihin ya taɓo mu kai tsaye. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta bar tuƙin hagu da ta gada daga Ingila ta koma dama, domin ta dace da maƙwabtanta irin su Nijar da Kamaru da Cadi. Gana ta biyo baya a 1974. Fitilar da aka ƙera domin tuƙin hagu tana ɗaga haskenta ne ta hagu, kuma a ƙasar da ake bin dama, hagu shi ne fuskar mai tahowa. Saboda haka duk motar da aka shigo da ita daga Ingila ko Japan, aka juya mata sitiyari aka bar mata fitilunta na asali, tana watsa wa mutane haske a ido ko da direbanta yana kan dim.

A 1962 ƙwan halojin ya fito a Turai, ya fi na da haske da daɗewa. A 1991 BMW ya sanya fitilar zinon, wadda ba ta da waya ko kaɗan, tartsatsin lantarki ne ke ci a cikin iskar gas. Haskenta ya ninka na halojin sau biyu ko fiye, don haka dokokin Turai suka gindaya sharaɗi: duk fitilar da ta haura lumen 2,000, sai an haɗa ta da na'urar da ke daidaita tsayinta da kanta idan an yi wa mota lodi, da kuma abin wanke gilashinta, domin ƙura tana warwatsa haske. Daga nan sai fitilar LED, wadda ta samu ne bayan da masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka gano yadda ake samar da shuɗin haske daga gare ta, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Farin LED shuɗi ne aka lulluɓe da wani sinadari, shi ya sa yake da wannan launi mai sanyi da kawuna ya tsana. Abin lura shi ne, a duk lokacin da masu ƙera mota suka ƙara haske, an tilasta musu su ƙara masa linzami.

Linzamin nan shi ne ƙwayayen kasuwa suka tsinke. Madubin da ke bayan ƙwan fitila an auna shi ne domin siririyar wayar halojin, wadda ke zaune a wani gurbi da bai kamata ta goce masa ko da milimita ɗaya ba, tana kuma ba da haske ta kowane gefe. Ƙwan LED ko na zinon da ake saya a rumfar kayan gyara yana fitar da haskensa daga wani wuri dabam, da wata siffa dabam. Idan aka zira shi a gidan halojin, madubin zai karɓi haske daga inda bai zata ba, ya jefa shi inda bai kamata ba. Layin nan da aka shafe shekaru ana gyarawa sai ya watse. Mai mota yana ganin gabansa ya yi fari fat sai ya yi murna, bai san cewa hasken da ya taru dab da hancin motarsa yana tsuke masa ƙwayar ido ba, har nesa ta ƙara yi masa duhu. Garin neman gira ke nan aka rasa ido. A Birtaniya, tun daga 2021, motar da aka yi wa irin wannan canji ba ta cin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Mu kuwa har da dogayen sandunan fitila da aka yi domin daji ake ɗaurawa a goshin tirela da kan a-daidaita-sahu.

Ba na son in yi wa masu sayen ƙwayayen nan rashin adalci. Hanyoyinmu da yawa babu fitilun titi, babu farin layi, ga ramuka, ga babbar mota da ta lalace an bar ta a tsakiyar hanya da 'yan ganyaye a matsayin alama, ga shanu. Motocin Kwatano da muke saya sun tsufa, gilasan fitilunsu sun yi hazo. Mutumin da ya taɓa faɗawa rami da iyalinsa yana da hujjar neman ƙarin haske. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana jan kunnen jama'a game da tafiyar dare, amma mai ɗauko tumatir ko shanu zuwa Kudu ba shi da zaɓi. Sai dai idan ɗaya ya ƙara wuta, wanda aka kashe wa ido shi ma gobe zai je ya sayo wadda ta fi ta, kuma a haka dare ke ƙara haske yana ƙara haɗari.

Ido kuwa ba a sake masa samfuri ba tun zamanin fitilar kabayid. Idan haske mai ƙarfi ya doke shi, yana bukatar lokaci kafin ya koma ganin duhu. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, wato daƙiƙa biyu na makanta sun haura mita 50 da direba ya tuƙa bisa tawakkali. Da shekaru suka ja, madubin ido yakan rage tsabta, ya riƙa warwatsa haske a ciki, lokacin farfaɗowa kuma ya ƙaru. Mai yanar ido abin ya fi yi masa tsanani. Ma'ana, waɗanda wannan fitila ta fara kora daga titi su ne direbobin da suka fi kowa sanin hanya.

Fasaha ta kusa cika burin Land ta wata ƙofar. Tun 2013 Audi ya fito da fitila mai ƙananan ƙwayaye da yawa, kyamara na lura da mai tahowa tana kashe waɗanda ke fuskantarsa kaɗai, sauran hanya kuma ta ci gaba da haske. Amurka ba ta halatta irinta ba sai a 2022. Kafin irin waɗannan motoci su tsufa su sauko tashar da kawuna ke lodi, za a jima. A yanzu dai yakan tashi da asuba, ya sauke fasinja a Kaduna, ya juyo da la'asar domin ya shiga Kano da sauran rana. Sawu ɗaya ya ragu daga abin da yake kai wa gida kullum. Ƙwan halojin ɗin da motarsa ta zo da shi har yau bai canza ba, kuma duk sa'ad da aka taɓa masa fitila a gareji, sai ya kai motar gaban katangar gidanmu bayan isha'i, ya ja da baya taku goma sha biyu, ya duba ko layin yana nan inda ya bar shi.