Daga Lambu Zuwa Asibiti: Matan Amish da Maganin Gargajiya

A shekarar 1693 wani malamin addinin Kirista, Jakob Ammann, ya ɓalle da mabiyansa daga 'yan uwansu a Suwizalan da yankin Alsas. Zuriyarsu ce ake kira Amish, wadda ta fara ƙaura zuwa jihar Fensilbeniya ta Amurka a ƙarni na 18. Cikin abin da suka yi guzuri har da ilimin tsirrai, da wata hanyar warkarwa mai suna Brauche, wadda ta haɗa addu'a da shafa jikin majinyaci.

Mata ne suka riƙe mafi yawan wannan ilimi, domin lambun gida da jinya da karɓar haihuwa duk a hannunsu suke. Uwa kan koya wa 'yarta wane ganye ake dafa wa mai ciki, wane ake ɗaura wa rauni.

Addininsu bai haramta zuwa asibiti ba. Sai dai galibinsu ba sa yin inshora, don suna ganin ɗaukar nauyin majinyaci haƙƙin jama'a ne. A 1965 gwamnatin Amurka ta amince manomansu su fita daga tsarin fansho na ƙasa. Idan kuɗin asibiti ya yi yawa, maƙwabta ne ke haɗawa, shi ya sa uwar gida ke fara gwada abin da ke lambunta. Haka man ƙuna na B&W ya yaɗu, wanda wani ɗan Amish, John Keim, ya haɗa da zuma da mai, ana rufe shi da ganyen burdock.

Amma ganye yana da iyaka. A 1991 cutar rubela ta ɓarke cikin Amish na Fensilbeniya waɗanda ba su yi rigakafi ba, aka haifi jarirai da lalurar zuciya da kurumta. A 2014 ƙyanda ta kama mutum 383 a Ohayo, aka yi ta kai yara allurar rigakafi.

Likitocin da suka samu karɓuwa su ne waɗanda ba su raina al'adar ba. Dakta Holmes Morton ya kafa asibitin yara masu cututtukan gado a gundumar Lankasta a 1989. Jama'ar yankin suka gina shi da hannunsu. Har yau ana gwanjon bargunan da matan suka ɗinka domin tallafa masa.