Gaɓa huɗu a takarda, uku a baki: labarin "comfortably"

1/ Jiya ina gabatar da aiki a gaban aji na ce "kom-FO-ta-bili", sai dariya ta ɓarke daga baya. Wallahi na ji haushi. Da na koma ɗaki na zauna na tono asalin kalmar. Ku biyo ni 🧵

2/ Kalmar haɗin gambiza ce. "Comfort" daga Faransanci ta zo, tushenta Latin, "confortare", wato ƙarfafa mutum. "-able" ma ta wannan hanyar ya bi. Amma "-ly" ɗan gida ne: a tsohon Turanci "-lice" ne, daga "lic", ma'ana jiki ko siffa.

3/ Ya aka yi suka haɗu? A 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a Hastings. Fada da kotu suka koma Faransanci na kusan shekara 300, kalmomi suka yi ta kwarara. Bafaranshe yana ɗora nauyin murya a ƙarshen kalma. Turanci kuwa, da yake dangin Jamusanci ne, gaɓar farko yake dannawa.

4/ An daɗe ana wannan ja-in-ja fa. Chaucer, wanda ya rasu a 1400, yakan ɗora wa kalmomin aro nauyi gaba ko baya, yadda karin waƙarsa ya so. A hankali bakin Ingilishi ya janye nauyin zuwa farko. Wasalin da aka bari ba nauyi ya yi laushi, na "for" ɗin ya faɗi gaba ɗaya: KAMF-ta-bli. Amurkawa da yawa har tsallakar da r suke yi: KAMF-tar-bli.

5/ Rubutu bai bi baki ba. Bayan Caxton ya kafa injin buga littafi a Westminster a 1476, haruffa suka fara daskarewa, furuci ya ci gaba da tafiyarsa.

6/ Mu kuma Hausa karin sauti gare ta, ba ma haɗiye gaɓa, kuma ba ma son baƙaƙe su cunkushe. Shi ya sa "bread" ya zama burodi, "screwdriver" ya zama sukurudireba. To ina ga m, f, t a jere? Ai dole harshe ya nemi wasali.

7/ Ƙannena masu WAEC: in ta fito a tambayar nauyin gaɓa, ta farko za ku zaɓa. Masu dariyar jiya kuma, biyu daga cikinsu na ji da kunnena suna cewa "kom-FO-tebul" 😅