Hemanjiyoma na ƙashin fuska: ƙarin da haɗarinsa yake cikin zubar jini

Hemanjiyoma na cikin ƙashi wani ƙari ne da ke samuwa idan jijiyoyin jini suka taru suka cukurkuɗe a cikin ƙashi. Ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki, kuma bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙarin da ke fitowa a ƙashi ba. An fi samun sa a ƙashin baya da ƙoƙon kai. A fuska ba safai yake fitowa ba, amma yakan kama muƙamuƙi ko ƙashin kunci ko na hanci. Ya fi yawa a mata, musamman daga shekara 30 zuwa 50.

Yakan fara ne da kumburi mai tauri wanda ke girma a hankali, galibi ba tare da zafi ba, har fuska ta karkace. Idan a kusa da ido yake, yana iya turo idon ko ya sa mutum ya riƙa ganin abu bibbiyu. Na muƙamuƙi shi ne mafi haɗari: haƙori ya yi girgiɗi, dasashi ya riƙa tsiyayar jini, mai shi ya ɗauka ciwon haƙori ne kawai. Cire irin wannan haƙori na iya ɓalle jinin da ba ya tsayuwa, har a rasa rai. Don haka haƙorin da ke girgiɗi a kan kumburi ba na masu cire haƙori a kasuwa ba ne.

Likita ba ya gaggauta yankar tsoka don gwaji, saboda wannan dalili. Hoto ake fara ɗauka. Na'urar CT takan nuna ƙashin kamar saƙar zuma, ko da layuka masu bazuwa kamar hasken rana, MRI kuma ta nuna iyakar ƙarin. Wannan ne ke taimakawa wajen bambanta shi da amiloblastoma, ƙarin muƙamuƙi da aka fi gani a asibitocin Najeriya.

Ƙaramin da ba ya damun mai shi ana iya barin sa, a riƙa duba shi. Wanda ke girma ko ɓata fuska ko zubar da jini, tiyata ce maganinsa. Idan babba ne, akan zura siririn bututu ta jijiya a toshe hanyoyin da ke kai masa jini, kwana ɗaya ko biyu kafin aikin, sannan a tanadi jini. Ana cire shi gaba ɗaya tare da ɗan lafiyayyen ƙashin da ke kewaye, domin kankarewa kawai na jawo zubar jini da dawowar ƙarin. Gurbin da ya bari akan cike shi da ƙashin da aka ɗebo daga ƙugu ko ƙoƙon kan majinyacin, ko da ragar ƙarfen titaniyom. Idan an cire shi duka, da wuya ya sake fitowa.