Wankin Huhu: Tarihin Cutar da Ɓeraye Suka Tona Asirinta

A shekarar 1958, wasu likitoci uku a Amurka, Samuel Rosen da Benjamin Castleman da Averill Liebow, suka wallafa bayanin marasa lafiya 27 masu fama da wata cuta da ba ta da suna a littattafan likitanci. Ƙananan jakunkunan iska na huhunsu cike suke da wani abu mai kauri, haɗin maiƙo da furotin. Yau likitoci suna taƙaita sunan cutar da PAP, kuma ba ta cika faruwa ba, domin kimanin mutum bakwai take kamawa a cikin miliyan ɗaya.

Mai ita yakan fara da haki idan ya hau bene, sai busasshen tari, sai gajiya marar dalili. Hoton ƙirji ya nuna huhu kamar hazo ya rufe shi, a yi zaton namoniya ce ko tarin fuka, a daɗe ana shan magani babu sauƙi. Ranar da aka gano sunan cutar kuma, tambaya ɗaya ce ke hana barci: daga ina ta fito?

Zargi ya fara sauka a kan ƙura, kuma da hujja, domin masu shaƙar ƙurar dutse mai yawa huhunsu kan cika da irin wannan abu. Aka kuma lura cewa da yawa daga cikin majinyatan mashaya taba ne. Sai dai akwai waɗanda ba su taɓa fasa dutse ko kunna sigari ba, kuma cutar ba ta ƙyale su ba.

Magani ya riga sani zuwa. A farkon shekarun 1960, wani likita ɗan Puerto Rico mai aiki a Baltimore, José Ramírez-Rivera, ya soma wanke huhu da ruwan gishiri. Daga baya dabarar ta zama kamar haka: a yi wa mutum allurar barci, huhu ɗaya yana numfashi da taimakon na'ura, ɗayan kuma ana cika shi da ruwa mai ɗumi ana tsiyayewa. Ruwan farko yakan fito fari kamar nono, a ci gaba, lita bayan lita, har ya fito garau. Mutane da dama sun rayu da wannan wanki, wasu suna komawa a maimaita, alhali babu wanda ya san abin da ke tara dattin.

Amsar ta ɓullo ta inda ba a zata ba. A 1994, masu bincike a Boston da kuma Melbourne ta Ostireliya suka samar da ɓeraye da ba sa iya yin wani sinadari mai suna GM-CSF. Jininsu suke son dubawa, sai ga huhun ɓerayen ya cushe irin na masu PAP. Ashe huhu yana da wani siririn maiƙo da ke hana jakunkunan iska mannewa, yana kuma da ƙwayoyin garkuwa masu share tsohon maiƙon. Idan babu GM-CSF, masu sharar ba sa ƙosawa, shara kuwa sai ta taru.

A 1999, ayarin Koh Nakata a Japan ya kammala zancen: a jinin majinyata akwai dakarun garkuwa da ke kame GM-CSF ɗin jikinsu. Kusan kashi 90 cikin ɗari na masu cutar wannan ne sanadinsu. Sauran kuma ƙura ce, ko cutar jini, ko gado.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan tsakanin sanya wa cutar suna da gano tushenta. Yanzu gwajin jini yana iya tabbatar da ita, kuma a 2024 Japan ta amince da maganin GM-CSF da ake shaƙa kai tsaye zuwa huhu. Ga mafi yawan waɗanda suka yi shekaru suna tuhumar sana'arsu ko iskar garinsu, sanadin yana cikin jininsu tun farko.