Yadda Shafin Intanet Ya Koyi Shiga Tafin Hannu

Yau za mu ɗan ajiye labari, mu waiwayi tarihin abin da ya sa kake iya karanta wannan rubutu a wayarka ba tare da wahala ba.

A shekarun 1990, masu gina shafukan intanet kwamfutar tebur kawai suke kallo. Fuskarta takan ɗauki ɗigo 640 a faɗi da 480 a tsayi, daga baya 800 da 600. Sai su yanka shafi daidai wannan awo, kamar tela ya ɗinka riga ɗaya ya ce kowa ya sa. Da Nokia 7110 ta fito a 1999, fuskarta ɗigo 96 ne da 65, don haka sai an yi mata wasu shafuka daban na WAP, kusan zallar rubutu. A 2005 Opera Mini ta zo da dabarar matse shafi a kwamfutocin kamfanin kafin ya iso waya. Da yawanmu da ita muka fara leƙa intanet.

A 2007 iPhone ta fito da fuska mai ɗigo 320 da 480. Tana buɗe shafin kwamfuta sukutum, amma rubutun ya koma ƙanana kamar tururuwa, sai ka yi ta buɗa yatsu kana jan layi hagu da dama. Kamfanoni suka koma riƙe shafi biyu, na kwamfuta da na waya, aiki ya ninku.

Ranar 25 ga Mayu, 2010, wani Ba'amurke mai suna Ethan Marcotte ya buga maƙala a mujallar A List Apart, ya ce shafi ɗaya ya isa in an cika sharuɗɗa uku: a auna sassansa da kaso cikin ɗari maimakon ɗigo, hotuna su riƙa raguwa da ƙaruwa, sannan shafin ya tambayi na'ura faɗin fuskarta kafin ya jera kansa. Jaridar Boston Globe ta bi wannan tsari a 2011. A Afrilun 2015 Google ta fara fifita shafukan da suka dace da waya a binciken da aka yi ta waya.

To 'yan'uwa marubuta, akasarin masu karatunmu ta waya suke zuwa. Duk daɗin labarinka, in sai an ja layi gefe kafin a ga ƙarshen jimla, mai karatu ba zai kai babi na biyu ba. Kafin ka saki rubutu, buɗe shi a ƙaramar waya ka gani.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah ya kai mu.