Bikin Kaboyi na Calgary: Ban Kwanan da Ya Ƙi Ƙarewa

Kafin shekarar 1912 zamanin sakin shanu a fili ya riga ya wuce a yammacin Kanada. Manoma sun mamaye filayen Alberta, waya mai ƙaya ta datse makiyaya, ga kuma sanyin hunturun 1906 zuwa 1907 da ya halaka garkuna. Ana cikin haka wani Ba'amurke gwanin wasa da igiya, Guy Weadick, ya iso Calgary da shawarar a shirya gagarumin biki don tunawa da rayuwar kaboyi. Attajirai huɗu masu harkar shanu, Pat Burns, George Lane, A. E. Cross da Archie McLean, kowanne ya tsaya masa da dala 25,000. A zatonsu ban kwana ne, a yi sau ɗaya a watse.

An yi bikin a watan Satumba, aka raɗa masa suna Stampede. Abin da ya zauna a bakin mutane shi ne hawan Tom Three Persons, ɗan ƙabilar Kainai, a kan wani baƙin doki mai suna Cyclone, wanda ya shahara wajen watsar da mahaya. Yau daƙiƙa takwas ake so mahayi ya yi a kan doki mai tutsu. A wancan zamani sai dai ya zauna har dokin ya gaji ya tsaya da kansa. Tom ya zauna daram, ya ci gasar.

Zuwan nasa ma sai da aka kai ruwa rana. Jami'an gwamnati ba sa son 'yan asalin ƙasar su bar yankunan da aka killace su, balle su fito da rawa da tufafinsu na gargajiya. Weadick ya nace, suka zo suka kafa tantunansu. Har gobe ƙabilun Siksika, Kainai, Piikani, Tsuut'ina da Stoney Nakoda na da zango a filin bikin, zangon da aka sauya wa suna zuwa Elbow River Camp a 2018.

Bikin bai dawo ba sai 1919, don murnar ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko. Abin da ya ba shi gindin zama ya zo a 1923, da aka haɗe shi da baje kolin kayan gona na garin, wanda ake yi tun 1886 amma kasuwarsa ta fara ja da baya. Kowa ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. A shekarar aka ƙirƙiro tseren kekunan dawaki irin waɗanda ke ɗaukar abincin makiyaya, aka kuma fara rabon fanke kyauta da safe a kan titi. Wannan karin kumallo ya zama dole; ɗan siyasar da ke neman ƙuri'a a Alberta ba ya ƙin ɗaukar cokalin juya fanke. Farar malafa kuwa, wadda ake ɗora wa manyan baƙi, magajin gari Don Mackay ne ya mayar da ita al'ada a shekarun 1950.

Shi Weadick bai ji da daɗi ba. An sallame shi daga aikin shirya bikin a 1932, ya kai ƙara ya yi nasara, amma sai 1952 aka gayyato shi a matsayin babban baƙo. Ya rasu a 1953.

Tun 1968 kwana goma ake yi a watan Yuli, kuma a 1976 mahalarta suka fara haura miliyan ɗaya. Ambaliyar 2013 ta shanye filin makonni biyu kafin buɗewa, aka kwashe laka aka yi biki. Annobar korona ce ta iya dakatar da shi a 2020.

Rigimar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ita ce ta dabbobi, kuma masu sukar suna da hujja. Dawaki shida suka mutu a tseren kekuna a 2019 kaɗai. Da tseren ya dawo a 2022 bayan korona, an rage kekunan da ke fita a kowane zagaye daga huɗu zuwa uku.